Almakashi da Fitila: Iyakar Hannun Mutum a kan Furen Kirisantimum

Daga cikin tambayoyin da masana falsafa da malaman addini suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi iyakar ikon mutum a kan sauran halittu masu rai, wato ko gyaran da yake yi wa tsiro ko dabba domin su dace da abin da ransa ke so kammala su ne, ko kuwa danne su ne da raba su da ɗabi'ar da aka halicce su a kanta. Tambayar takan ɓuya idan ana maganar hatsi, domin yunwa hujja ce da ba a jayayya da ita, amma takan fito fili idan aka zo kan fure, wanda ba ya cika rumbu, kuma mafi yawan wahalar da ake sha a kansa saboda ido ake shan ta. Furen kirisantimum, wanda Sinawa ke kira ju, Japanawa kuma kiku, ya fi yawancin furanni dacewa da wannan bincike, saboda hannun mutum ya shiga al'amarinsa ta ƙofa biyu da ya kamata a rarrabe: akwai abin da ake yi wa surarsa da yatsu da almakashi, akwai kuma abin da ake yi wa lokacinsa da fitila da baƙin ƙyalle. Mutane da yawa sukan ɗauka na farko ya fi muni, tun da ana ganin yanka, ana kuma ganin abin da ya zuba a ƙasa, alhali idan aka bi maganar a hankali za a tarar cewa na biyun, wanda ba ya barin ko tabo a jikin tsiron, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Kirisantimum tsiro ne mai daɗewa, wato wanda rassansa ke mutuwa idan sanyi ya tsananta amma gindinsa ya ci gaba da rayuwa a cikin ƙasa har ya sake tofowa a shekara mai zuwa, kuma asalinsa gabashin Asiya ne, musamman ƙasar Sin, inda aka fi shekara 2,000 ana ambatonsa a rubuce. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne a kansa, a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne a kan faifai guda, na tsakiya gajeru waɗanda suka fi ba da iri, na gefe dogaye waɗanda su ne adon. Bukatunsa a lambun gida ba su da yawa, sai dai ba ya yafe sakaci a cikinsu. Yana son rana ta aƙalla sa'a shida a yini, da ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, domin saiwarsa ba ta nutsawa sosai, tana saurin bushewa kamar yadda take saurin ruɓewa. A gindi ake ba shi ruwa, saboda jiƙaƙƙen ganye shi ke jawo fumfuna da wata cuta mai fito da fararen ƙuraje a bayan ganyen, ana kuma ba tsirran tazara domin iska ta ratsa su, a riƙa leƙa sabon toho saboda ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwansa. Bayan shekara biyu ko uku gindin yakan cunkushe, tsakiyarsa ta tsufa, sai a tone shi lokacin da sanyi ya janye a raba shi, a dasa na gefe masu ƙarfi, a yar da na tsakiya.

Duk wannan hidima ce da ba wanda zai kira ta zalunci. Inda magana ke tasowa shi ne wurin tsinke kai. Idan tsiron ya kai tsawon kamar santimita 15, mai lambu yakan sa yatsu biyu ya tsinke ƙarshen tohon da ke sama, kuma dalilin haka sananne ne a ilimin tsirrai, domin kan tsiro yana fitar da wani sinadari da ke gangarowa yana hana idanun da ke hammatar ganye buɗewa, saboda haka da zarar an cire kan sai idanun su farka, reshe ɗaya ya zama huɗu ko biyar. Ana maimaita haka a kan sababbin rassan har zuwa wajen tsakiyar Yuli a ƙasashen arewa, sannan a janye hannu, domin wanda ya zarce wannan lokaci yana tsinka, furen shekarar yake zubarwa. Akwai kuma kishiyar wannan aiki, wadda masu neman ƙaton fure ke yi, wato a bar ƙullin fure ɗaya tak a kan kowane reshe a cire duk 'yan'uwansa tun suna ƙanana, domin abincin da da zai rabu gida goma ya tafi wuri guda.

A Japan aka kai wannan sana'a maƙura. Akwai salon da ake barin rassa uku kacal a tukunya, kowane da fure guda, ana kiran su sama da ƙasa da mutum, mafi tsawo a baya, kuma saboda nauyin furen sai an sa masa zoben waya a ƙarƙashi ya tallafe shi. Akwai salon da ake lanƙwasa tsiron ya zubo ƙasa daga bakin tukunya, akwai kuma wanda ake kira ozukuri, inda ake ɗaukar tsiro ɗaya a yi ta tsinke shi ana ɗaure rassansa a jikin ƙarafa har kusan shekara guda, har gindi ɗaya ya ɗauki ɗaruruwan furanni a jere cikin siffar ƙubba, duka su buɗe a lokaci ɗaya. Ana baje irin waɗannan a lambun Shinjuku Gyoen da ke Tokyo daga 1 zuwa 15 ga Nuwamba kowace shekara, kuma lambun Longwood a jihar Pennsylvania ta Amurka ya koyi sana'ar har yana fito da tsiro ɗaya mai fure sama da 1,000. Wanda ya tsaya gaban irin wannan aiki zai yi mamaki, amma ba laifi ba ne idan ya tambayi kansa nawa ne rabon tsiron a cikin abin da yake kallo, nawa ne kuma rabon mai lambu.

Sinawa sun yi wannan tambaya tun kafin a san ozukuri. A littafin da ake danganta wa Zhuangzi, ɗaya daga cikin manyan malaman tafarkin Dao, wato mazhabar da ke ganin alheri yana cikin barin kowane abu ya bi hanyarsa ba tare da tilas ba, an zargi Bo Le, shahararren gwanin dawaki, da cewa gwanintarsa ta aske gashi da datse kofato da sa linzami ita ce ta hallaka dawakan da a da ke kiwo lafiya a sake. A ƙarni na 19 marubuci Gong Zizhen (1792–1841) ya kawo maganar cikin lambu kai tsaye, ya rubuta cewa masu ilimi da masu zane sun koya wa 'yan kasuwa cewa itacen mei, wani ɗan itace mai fure a ƙarshen sanyi, ba shi da kyau sai ya karkace ya yi ƙarancin rassa, don haka masu reno suka riƙa sare miƙaƙƙun rassa suna ɗaure sauran har itatuwan yankin suka zama majinyata. Ya ce ya sayi tukwane 300 da niyyar ya kwance igiyoyin, ya fasa tukwanen, ya mayar da itatuwan ƙasa. Masu sharhi sun yarda cewa da gwamnatin zamaninsa yake, wadda ke lanƙwasa hazikan matasa har su rasa miƙewa, amma misalin ba zai yi tasiri ba da a ce mai karatu bai ji a ransa cewa an cuci itacen da gaske ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da nasa manyan. Xunzi, mabiyin Konfushiyus na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tafi a kan cewa abin da aka haifa da shi ɗanye ne, kyau kuwa daga ƙoƙari da horo yake zuwa, kamar yadda karkataccen katako ke bukatar turiri da matsi kafin ya miƙe. Aristotal a nasa ɓangaren ya koyar da cewa sana'a takan kwaikwayi ɗabi'a, takan kuma ƙarasa abin da ɗabi'a ta fara ba ta kammala ba. Game da kirisantimum kuwa akwai wata hujja da ta fi waɗannan ƙarfi, kuma tarihi ne ya ba da ita: furen lambu da kansa ɗan hannun mutum ne. Kakanninsa na daji ƙananan furanni ne, galibi rawaya ko farare, kuma daga cakuɗa su da zaɓen na kirki tsawon ƙarnoni aka samu abin da ake nomawa yau. A shekarar 1104 wani Basine mai suna Liu Meng ya rubuta littafi a kansa ya lissafa iri 35, yanzu kuwa ana ƙirga su da dubbai. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Marseille, Pierre Blancard, ya shigo da shi Faransa a 1789, Robert Fortune ya kai wani ƙaramin iri Ingila daga tsibirin Zhoushan a 1846, a shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu renonsa a unguwar Stoke Newington ta Landan, wadda daga baya ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Iri mai suna ba ya maimaita kansa idan aka shuka ƙwayarsa, sai dai a yanki reshe a dasa ko a raba gindi, wanda ke nufin duk irin da ya kai shekara ɗari a duniya hannaye ne suka riƙa miƙa shi daga wannan zuwa wancan. Saboda haka wanda ya ce a bar kirisantimum na lambu ya koma asalinsa yana magana ne a kan asalin da babu shi.

Mengzi, wani malamin Sinawa, ya fi duka kusa da gaskiyar lambu. Ya ba da labarin wani mutumin ƙasar Song da ya ƙosa da jinkirin shukarsa, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana jan ta sama domin ya taimaka mata ta girma, ɗansa ya je dubawa ya tarar duk ta yi yaushi. Abin da ake yawan mantawa shi ne a wuri guda Mengzi ya zargi wanda ya ƙi yin noma gaba ɗaya yana ganin ba amfani, wato laifi biyu ya nuna, na sakaci da na gaggawa, kuma abin da ya haɗa su shi ne jahiltar yadda shuka ke girma. Tunanin Musulunci ya sauka kusa da nan ta wata hanya dabam. Mutum halifa ne a bayan ƙasa, ma'ana wakili da aka ba riƙo za a kuma tambaye shi, ba mamallaki na asali ba, kuma an hore masa tsirrai da dabbobi tare da hana shi ɓarna. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutanen Madina da suka bar ɗaukar garin furen namijin dabino suna sa wa macen bayan wata magana da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi, amfanin shekarar ya lalace, sai ya mayar da al'amarin ga saninsu na harkar duniyarsu. Malaman noma na Andalus, irin su Ibn al-Awwam na Ishbiliya a ƙarni na 12, sun cika babi-babi da bayanin yi wa bishiya aure da datse rassa ba tare da sun ɗauki hakan shiga hurumin Mahalicci ba.

Idan aka tattara waɗannan, ma'aunin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne a duba abu biyu: ko hannun ya bi ta ƙofar da ke jikin tsiron tun asali, da kuma ko tsiron na iya komawa hayyacinsa idan aka janye hannun. Tsinke kai ya wuce wannan gwaji lafiya, domin idanun da ke hammatar ganye an halicce su ne saboda ranar da dabba ko iska za ta karya kan, mai lambu bai ƙirƙiro komai ba face ya zaɓi ranar. Tsiron da aka rage wa ƙulli a bana zai tofo daga gindi baɗi da cikakkun rassansa, saɓanin itacen Gong Zizhen da zai mutu a karkace. Inda masu suka ke da gaskiya shi ne a kan irin da aka kai ga cika shi da furannin gefe har na tsakiya suka kusa ɓacewa, ƙudan zuma ba ya samun abin kirki a wurinsa, iri ya yi ƙaranci, wuyansa kuma ba ya ɗaukar kansa sai da waya. Ko a nan ɗin abin da ya biyo baya nauyi ne ya hau kan mutum, domin wanda ya mayar da halitta mai dogaro da shi ya ɗauki amanarta, kuma mai sayen tukunya a kaka ya jefar da ita a shara da zarar furen ya bushe, alhali gindin na da rai, shi ya fi kusa da ɓarna a kan mai almakashin da ya shekara yana dawainiya.

Maganar lokaci ta fi wannan zurfi. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suna binciken wani irin taba da ya ƙi yin fure a fili har sanyi ya kashe shi, suka gano cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon yini ne kafin su yanke shawarar yin fure. A 1938 wasu masanan, Hamner da Bonner, suka nuna cewa abin da ake aunawa a haƙiƙa tsawon dare ne, domin ɗan haske kaɗan a tsakiyar dare yana rushe lissafin gaba ɗaya, alhali ɗan duhu a tsakiyar yini ba ya canza komai. Kirisantimum na cikin tsirran da ke jiran dogon dare. Ganyensa ne ke yin awon ta hanyar wani sinadari mai jin haske, sannan ya aika saƙo zuwa kan reshe, kuma a 2013 masu bincike a Japan suka tabbatar cewa idan dare ya gajarta ko aka katse shi, ganyen yakan aika wani saƙo na daban mai hana fure. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan a aikace ko da bai san sunansa ba, domin dawar gargajiya, ko an shuka ta da ruwan farko ko an makara, takan fitar da kai kusan lokaci guda a ƙarshen damina, tun da ita ma dare take ƙirgawa.

Da aka gane sirrin, sai aka mayar da shi sana'a. Idan ana son jinkirta fure, a kunna fitilu na 'yan sa'o'i a tsakar dare, tsiron ya ci gaba da tsawo yana zaton kaka ba ta zo ba; idan ana son gaggauta shi, a lulluɓe shi da baƙin ƙyalle tun da yamma har safiya, sai ya ƙulla fure a tsakiyar zafi. An rarraba irin kasuwa gwargwadon makonnin da kowane ke ɗauka daga fara dogon dare zuwa buɗewa, ta yadda mai gona zai iya ƙirgowa baya daga ranar da yake son kai kaya. A yankin Atsumi na lardin Aichi, wanda ke kan gaba wajen noman kiku a Japan, rumfunan gilashi da na leda sukan haskaka dare har matafiya su tsaya kallo, kuma da wannan dabara Holan da Kolombiya ke cika kasuwannin duniya wata goma sha biyu. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya matsalar juyewa take yi, domin a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kusan sa'a ɗaya da rabi ba, a Tokyo kuwa ya kusa sa'a biyar, saboda haka a irin wannan yanki yawancin iri sukan yi saurin ƙulla fure tun suna gajeru, fitilar kuma ita ke ba su damar yin tsawo.

Ta fuskar addini ba a ga abin tuhuma a nan ba. Imam al-Ghazali (1058–1111) ya tafi a kan cewa abin da ake gani a matsayin sababi da sakamako al'ada ce da Allah ke gudanarwa a cikin halittarSa, kuma ko an bi shi a wannan ko an bi masu ba sababi ƙarfi fiye da haka, mai fitila bai karya wata doka ba, ya karanta ta ne ya jera aikinsa a kanta. Bai umarci tsiron ya yi fure ba, kuma ba zai iya ba. Ya kawo masa sharaɗin da aka ɗora furen a kai ne kawai. Tsiron ma bai cutu ba. Amma rashin laifi bai nuna cewa ba a yi asarar komai ba, kuma kafin a ga asarar sai an duba daga ina wannan fure ya samo darajarsa a wurin al'ummomin da suka girmama shi.

A ƙasar Sin darajar daga makararsa ta zo. Tsohon littafin ladubba na Liji ya sa fitowar rawayan furensa cikin alamomin watan ƙarshe na kaka, kuma a rana ta tara ga wata na tara a lissafin wata ake bikin da ake hawa tudu a sha abin sha da aka jiƙa furen a ciki ana fatan tsawon rai. Mawaƙi Tao Yuanming (365–427) ya ajiye muƙamin hakimin Pengze a 405 bayan kwana tamanin da 'yan kai, ya koma gona kusa da dutsen Lu ya rayu cikin talauci, kuma tun daga lokacin sunansa ya haɗu da na wannan fure har ba a ambaton ɗaya ba a tuna da ɗayan ba. Masani Zhou Dunyi (1017–1073) ya sanya kirisantimum a matsayin mai gudun duniya a cikin furanni, masu zane kuma suka ƙirga shi cikin tsirrai huɗu da ke wakiltar mutumin kirki. Dalilin duka ɗaya ne: yana buɗewa bayan sauran sun zube, lokacin da raɓa ta fara daskarewa, bai yi gasa da kowa ba a lokacin yalwa, bai kuma gudu ba a lokacin tsanani. A Japan, inda sarki Go-Toba ya so shi a farkon ƙarni na 13 har ya zama tambarin gidan sarauta mai ganye 16, an gaji bikin tara ga watan tara tare da furen. A Faransa da Beljiyam da Italiya da Poland furen kaburbura ne, ana kai shi maƙabarta a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, har ba a kai wa mai gida shi a matsayin kyauta, kuma abin da ya ba shi wannan aiki shi ne yana cikin 'yan furannin da ke tsaye a wannan wata. A Ostireliya kuwa furen ranar iyaye mata ne, domin Mayu kaka ce a can. Ma'anonin sun saɓa har sun kai ga karo da juna, sarauta a nan, makoki a can, amma in ban da na sarauta, kowace daga kalanda aka ciro ta.

Wannan shi ne abin da fitila ke taɓawa. Abincin da aka noma ba a lokacinsa ba yana ƙosarwa daidai da na lokacinsa, domin amfaninsa a ciki yake, ciki kuwa bai san wata ba. Fure amfaninsa a ido da zuciya yake, kuma wani kaso na abin da yake faɗa wa mai kallo shi ne a wane lokaci na shekara ake, da abin da ya wuce, da abin da ke tafe. Furen da ake samu kowace rana ya daina faɗin wannan, kuma ba mamaki a ƙasashe da dama kirisantimum ya koma abin cike gurbi a cikin damin furanni, ana sayensa saboda araha da jure kwanaki a ruwa. Alƙur'ani ya maimaita ambaton sassaɓawar dare da yini a cikin ayoyin da ake son masu hankali su lura da su, kuma da wuya a sami halittar da ke nuna wannan sassaɓawa a fili kamar tsiron da ke auna dare da ganyensa ya bayyana sakamakon da launi. Idan aka raba shi da wannan aiki, tsiron bai rasa komai ba, mai kallo ne ya rasa abin lura.

Akwai raddi mai nauyi da ba za a tsallake ba. Mutuwa ba ta jiran kaka, kuma a Japan farin kiku ne ake sawa a jana'iza da gaban wuraren tunawa da mamata a cikin gida, saboda haka iyalin da suka yi rashi a watan Yuni suna bukatar furen da al'adarsu ta sani, manomin Aichi ko ma'aikaciyar gona a Kolombiya kuma da wannan fitila suke ci da iyalansu. Ba daidai ba ne mai zaman lambu don nishaɗi ya raina sana'ar da ke biya wa mutane bukata ta gaskiya, kuma duk falsafar da za ta ce a kashe fitilun Atsumi domin a tsare wa Tao Yuanming ma'anarsa ta fifita alama a kan mutum. Abin da za a iya cewa kawai shi ne kasuwa ta sayi wadata da wani abu da ba ta sa shi a lissafi ba, kuma tun da ba za ta iya mayar da shi ba, dole a sami wani wuri da zai ci gaba da riƙe shi.

Lambun gida shi ne wannan wuri, domin mai shi ba ya bin ranar kai kaya, ba kuma wanda zai ci tararsa idan furen ya makara da mako biyu. Yana da damar ya tsinke kai, ya rage ƙulli, ya ɗaure reshe, ya raba gindi, duk ba tare da jin ya yi laifi ba, muddin zai riƙe tsiron bayan furen ya wuce, ya rufe gindinsa da busasshen ganye a inda sanyi ke tsanani, ya ba maƙwabci reshe domin irin ya ɗore. Amma ƙyalle da fitilar da suka halatta ga ɗan kasuwa, a ƙasar da ke da kaka ta gaskiya ba su da gurbi a bayan ɗaki, domin suna cire abu ɗaya da lambun gida ya fi rumfar gilashi da shi. Masu koyar da aikin lambu ma sukan gargaɗi mai dasawa ya nisanta tsiron daga fitilar titi da ta ƙofar gida, saboda haskensu kaɗai ya isa ya jinkirta furen irin da ke makara, wani lokaci har sanyi ya riske shi bai buɗe ba.